Jirgin Ingila a Zauren Baba: Yadda Sababbin Kayan Ƙaramin Jirgin Ƙasa Suka Kaya a Wani Ƙauyen Jigawa

Kwalin ya iso ne a farkon hunturu, a bayan motar haya da ta taso daga Kano, an ɗaure shi da igiya a tsakanin buhunan wani ɗan kasuwa. Mai shi dattijo ne da ke zaune a wani ƙauye da bai wuce tafiyar rabin awa a babur ba daga Malam Madori. Ba zan faɗi sunansa ba. Duk unguwar Baba ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Ya yi aikin reluwe tun yana saurayi, cikin ayarin masu gyaran dogo, har ya yi ritaya ya koma gona. Ɗansa da ke aiki a Ingila ne ya aiko masa da kwalin, bayan ya gaji da jin labarin tashar jirgin ƙasa a duk lokacin da suka yi waya.

Ni malamin fasaha ne a wata ƙaramar sakandare da ke kusa, kuma da ma ni ake kira in rediyo ta ƙi magana ko fankar sola ta tsaya. Haka na shiga lamarin. Daga baya wani matashi mai gyaran waya a bakin kasuwa ya shigo, shi ne ma ya yi mafi yawan aikin dalma. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da ya faru a zauren Baba daga wannan hunturu zuwa ƙarshen damina: wanne cikin sababbin kayan ya yi amfani, wanne ya ba mu wahala, da dalilin hakan.

Abin da Baba yake nema

Tun farko Baba ba abin wasa yake so ba. Tashar yake so ta dawo, ko da a kan tebur ne.

Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi gabas kuma ya kai Nguru a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Garuruwan nan da yawa jirgi ne ya raya su. Malam Madori, alal misali, a wancan zamani ita ce ƙofar da gyadar ƙasar Haɗeja ke bi ta fita. Baba ya taso yana ganin 'yan dako suna loda buhuna a taragu, ga sikeli, ga kantuna, ga shanu ana korawa. Ya ga ƙarshen zamanin jirgin kwal da idonsa, irin waɗanda ake kira River, waɗanda aka fara kawowa daga Birtaniya a ƙarshen shekarun 1940 aka raɗa wa kowanne sunan kogi. Kwal ɗin Inugu suke ci. Jikokinsa kuwa dogon kawai suka sani, mai ciyawa a tsakiya, awaki na kiwo a kai.

Ga wanda bai san harkar ba: ƙera ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki sha'awa ce ta manya a Turai da Amurka da Japan, ba ta yara kaɗai ba. Kamfanoni irin su Märklin na Jamus, da Lionel na Amurka da aka kafa a 1900, da Hornby na Ingila sun daɗe suna cin abinci da ita. A birnin Hambug akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, wanda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallon ƙananan jirage suna ratsa ƙananan garuruwa. Mu nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne motar kara da motar gwangwani da yara ke yi, sai dai a wurinmu da zarar yaro ya girma sai a ce ya bar shirme. Baba ya sha wannan magana. Amsarsa ɗaya ce: shi ya gama noma, ya gama aurar da 'ya'ya, kowa ya ji da nasa.

Abin da ke cikin kwalin

Kan jirgin dizal guda ɗaya irin na Ingila, taragu uku, gutsattsarin dogo da ake harhaɗawa su yi zobe, adafta, littafin tallar kayan shekara mai hotuna, da wata 'yar ƙaramar leda da ba wanda ya kula da ita a ranar. Ba zan faɗi kamfanin ba, don wahalar da muka sha ba laifin kayansu ba ne.

Sabon abu a nan yana cikin cikin kan jirgin. A tsohon tsari, wuta ake ƙarawa ko ragewa a kan dogo, daga sifili zuwa kamar bolt 12, jirgi ya yi sauri ko ya rage. Duk jiragen da ke kan layi ɗaya tare suke tashi, tare suke tsayawa. Daga baya aka fito da tsarin da ake kira DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya assasa, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990. A wannan tsari wuta na kan dogo kullum, saƙo ne ke bin ta, kowane kan jirgi kuma yana da 'yar dikoda a ciki mai sauraron lambarta. Mai dikodar tauraron ɗan Adam a gida zai gane abin nan da nan. Abin da ake yayi a 'yan shekarun nan shi ne dikoda mai sifika da ke kwaikwayon ƙarar inji da hon da birki, wadda kuma ake ba wa umarni kai tsaye daga waya ta Bluetooth. Irin ta ce a jirgin Baba.

Daren farko zauren ya cika har waje. Na saukar da manhajar a wayata, na danna, sai injin ya yi tari ya kama, fitila ta kawo, jirgi ya fara rarrafe. Yara suka yi ihu. Baba ya sunkuya ya kawo kunnensa kusa, ya ɗan jima, sannan ya ce, "Malam, yana da kyau. Amma wannan ba muryar jirginmu ba ce." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Sai da aka yi wata huɗu na gane inda ya dosa.

Wuta

Wannan ba ta da dogon labari. A dare na uku aka jona adaftar a ƙaramin janareta, janareta ya yi tangal-tangal da mai ya kusa ƙarewa, adafta ta yi wari ta mutu. Allah ya taimaka dikodar ba ta bi ta ba. Mai gyaran waya ya ce a daina haɗa jirgin da janareta gaba ɗaya. Ya ɗauko wuta daga batirin solar gidan, ya sa fis, ya sa ɗan allon da ke daidaita ƙarfin wuta wanda ya sayo a kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano. Tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyar matsalar ba. Dikodar Bluetooth ba ta damu da inda wuta ta fito ba in dai tsayayyiya ce, tunda umarninta ta iska yake zuwa. Wannan kam alheri ne na sabon tsarin, kuma zai yi mana rana a gaba.

Ƙura

A nan muka fi daɗewa, a nan kuma na fi koyon abu.

Bayan kwana biyar jirgin ya soma wani hali. Sai yana tafiya ya tsaya cak, sauti ya ɗauke, fitila ta mutu, can kuma ya sake tada inji daga farko kamar yanzu aka kunna shi. A zagaye ɗaya sai ya yi haka sau uku. Na fara zargin dikodar, na ce janareta ya taɓa ta. Mai gyaran waya ya sa mita ya auna, ya ce wuta lafiya take a kan dogo. Ya goga yatsa a kai, ya nuna mini. Baƙi ƙirin.

Abin da ke faruwa shi ne, jirgin yana shan wuta ne ta inda ƙafarsa ta taɓa dogo, wurin kuwa bai kai kan allura ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta raba su. Tsohon jirgi mai injin lantarki zalla ba ya damuwa sosai, domin ƙarfin gudunsa kan tura shi ya wuce wurin ya sake samun wuta. Dikoda mai sauti kuwa 'yar kwamfuta ce. Da wuta ta ɗauke, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta mutu ta faro daga tushe. Wato abin da ya sa sabon jirgin ya fi tsoho daɗi, shi ne ya sa ya fi shi raki. Waɗanda suka ƙera shi ɗaki rufaffe suke tunani, mai tagar gilashi da darduma. Zauren Baba na ƙasa ne, ƙofa a buɗe daga asuba zuwa isha, iskar hunturu na shigowa da abin da ta ɗebo tun daga Sahara.

Mun yi kurakurai biyu kafin mu daidaita. Na farko, wani jikan Baba ya so ya taimaka, ya goge dogon da takardar yashi ta kafinta. Ya yi ƙyalli kam, amma karce-karcen da ta bari sun zama maɓoyar dauɗa, wannan sashen ya fi ko'ina saurin baƙi har yau. Na biyu nawa ne. Na ɗiga man keken ɗinki a giyar jirgin, na cika hannu. Mai ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwalli, ya bi ƙafafun ya shafe dogon duka. Sai da muka kwance ƙasan jirgin muka wanke da sifirit na kemis da tsinken auduga. Mai ɗigo ɗaya a bakin allura ya ishi giya, wannan ma sai bayan watanni.

Abin da ya zauna a ƙarshe ba shi da tsada. A goge dogo da farin tsumma da sifirit kafin a kunna. A ɗan goga bakin fensir a wurare kaɗan, tunda baƙin fensir yana ɗaukar wuta, dabara ce da masu harkar suka daɗe da sani. In an gama a rufe teburin da tsohon zanen gado. Mun gwada leda, sai muka ga tana tara zafi da rana, muka bari.

Sai kuma 'yar ledar nan da aka yi watsi da ita a kwali. Mai gyaran waya ne ya buɗe ta wata rana yana neman sukurori, ya ce, "Malam, ai wannan kafasita ce." Ashe mai kantin ne ya ba ɗan Baba shawara ya haɗa da ita. Aikinta ta riƙe wuta kaɗan, in dogo ya yanke sai ta ciyar da dikodar na daƙiƙa ɗaya ko biyu har jirgi ya tsallake wurin. Girmanta bai kai ƙwayar dabino ba, kuma ita ce mafi arha a duk kwalin. Da aka jona ta, tsayawar nan ta ragu ƙwarai. A littafin talla an ba jirage masu launi shafuka cikakku, ita kuwa tana can ƙarshe da ƙananan haruffa. In wani daga yankinmu zai tambaye ni abu ɗaya da zai fara saya bayan jirgin, ita zan ce.

Don ƙara tabbatar da wuta, mai gyaran waya ya bi duk mahaɗan dogon ya liƙe su da dalma, muka kuma kafe su da ƙusa a kan katako. Jirgi ya yi ta gudu lami lafiya har ƙarshen sanyi. Muna ta yabon kanmu.

Bazara

A watan Afrilu, wata rana bayan azahar, aka ɗaga zanen gado aka tarar da dogon ya karkace a kwana biyu kamar maciji, jirgi na zuwa sai ya sauka. Ni na yi tsaye ina tunanin ko yara ne suka hau teburin. Baba kuwa dariya ya yi har da tari.

"Yaro," ya ce wa mai gyaran waya, "ka taɓa ganin dogon da ba shi da baki? Dogo numfashi yake yi. Ka toshe masa hanci."

Wannan ilimin aikinsa ne na shekaru. A tsohon layi ana barin 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ita ce ke ba da ƙarar nan ta kakat-kakat da duk wanda ya hau jirgi ya sani. Da zafi ƙarfe ya miƙe ya cike ta, da sanyi ya koma. Na yi lissafi daga baya: irin ƙarfen ƙaramin dogo, mita ɗaya kan ƙaru da kusan rabin milimita in zafi ya tashi da digiri 30. Tsakanin asubahin hunturu, lokacin da aka yi liƙin, da azahar ta bazara da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, an sami wannan tazara har da ƙari. Zoben ya kai mita biyar. Ga shi katakon da muka kafe shi a kai ɗanye muka saye shi, yana ta bushewa yana tsukewa. Ƙarfe na miƙewa, katako na janyewa, ba mafita sai karkata.

Baba da kansa ya jagoranci gyaran. Aka narke dalma a wasu mahaɗan, ya sa a zura katin waya a tsakani a matsayin ma'auni, aka tsallaka wuta da ɗan siririn waya ta gefe. Aka sassauta ƙusoshi. Ranar na ga hannunsa ya daina rawa.

Lissafin da ya juya aikin

Ana cikin haka ɗansa ya bugo waya, ya ce zai sake aiko da kaya. Ya ga sababbin kayan da Hornby ya fito da su a 2022 a wani girma mai suna TT:120, ƙarami ne ba ya cin wuri, ko a koma kansa? Ni har na fara sha'awa, don hotunan sun yi kyau. Baba ya ce a dakata. Ya ce shi abin da ke damunsa tun daren farko bai gushe ba: jirgin a tsaye yake a kan dogo kamar baƙo. Namu jiragen jikinsu ya fi ƙafarsu faɗi nesa ba kusa ba, suna zaune ne a kan dogo kamar kaza a kan ƙwai. Wannan kuwa siriri ne, ƙafa a waje.

Sai na ɗauko takarda. Tsohon dogonmu faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu da Ghana da New Zealand da yawancin layukan Japan. Na Ingila da Amurka da yawancin Turai kuwa milimita 1,435 ne. Ƙaramin dogon da ke kwalin Baba faɗinsa milimita 16.5. A girman da ake kira HO, inda ake rage komai sau 87, wannan 16.5 ɗin yana wakiltar 1,435 daidai. Turawan Ingila kuma nasu girman daban ne, OO, suna ragewa sau 76 amma a kan dogo ɗaya, saboda haka nasu ma bai yi daidai ba, sun dai saba ne. TT:120 yana tafiya a kan milimita 12, shi ma babban dogo yake kwaikwaya. Duk sababbin kayan da ke littafin tallan nan, babu ɗaya da aka yi don dogo irin namu, balle a ce ga kan jirgin Najeriya.

Tambayar da na yi wa kaina ita ce: in dogon da muke da shi, mai 16.5, shi ne zai zama 1,067, sau nawa za a rage jiki? Raba 1,067 da 16.5, sai ka sami 64 da 'yan kai. Ashe ba ni na fara gano wannan ba. Masu wannan sha'awa a New Zealand da wasu sassan Ostareliya sun daɗe suna yin haka: su ɗauki dogo da ƙafafu da injinan HO masu sauƙin samu, su gina jiki a kai a ragin sau 64. Akwai wata hanyar, a yi ragin sau 87 a kan dogo mai milimita 12, amma wannan na nufin mu zubar da duk abin da muke da shi mu sake saye, ga ƙanƙanta ga idon dattijo.

Da na bayyana wa Baba, bai tsaya kan lambobin ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Wato dogon ya zauna, jikin ne za mu sake?" Na ce haka ne, Baba. Ya ce to a gaya wa yaron kada ya sayo jirgi, ya sayo ƙafafun taragu na ƙarfe da maƙalai kawai, sauran kuɗin ya riƙe.

Ragin sau 64 ya zo da riba biyu da ban yi tsammani ba. Ƙananan motocin ƙarfe na yara da ake sayarwa a Sabon Gari yawancinsu kusan wannan girman ne, don haka motocin tasha sun samu a araha, fenti kawai muka sake musu. Ta biyu ita ce babba. Taragon Ingila na cikin kwali ya yi siriri, batir biyu irin na tocilan mai caji, waɗanda ake kira 18650, ba sa kwanciya gefe da gefe a cikinsa, tunda kaurin kowanne milimita 18 ne. Taragon da muka yanka a sabon ma'auni faɗinsa ya ɗan haura milimita 40. Biyu suka kwanta, na uku a bayansu. Kowanne bolt 3.7, uku a jere sun ba da wajen 11, in an cika su 12 da ɗoriya. Ga jirgin kaya mai tafiyar hawainiya ya isa.

Mai gyaran waya ya cire wayoyin da ke ɗauko wuta daga ƙafafu, ya jona dikodar da taragon batir da ke biye da kan jirgi. Yanzu dogon ba wuta a kansa sam. Ƙura ta zauna in ta ga dama, jirgi ba ruwansa, umarni na zuwa daga waya, abinci na bayansa. Masu harkar a waje suna yin haka musamman a jiragen lambu, mu kuwa larura ce ta kai mu. Gargaɗi ɗaya, kuma ba na wasa ba: irin wannan batir yana kama wuta in aka yi masa ganganci. Mun sa allon kariya da fis da makunni, ba a caji sai da mutum a wurin, ba a kuma barin taragon a zaure da rana. Baba yana ajiye shi a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa a inuwa.

Gwangwani, roba da ɓeraye

Jikin taragu maƙerin gwangwani na kasuwa ne ya yi, wanda ke ƙera mazurari da fitilar aci-bal-bal. Baba ya zana masa a ƙasa da tsinke, ni na mayar da zanen milimita. Na farko ya fito a karkace, na uku ya yi kyau har Baba ya ce a rubuta masa lamba. Kan jirgin ma an cire masa rigar Ingila an ɗora masa ta gwangwani, mai faɗi, an yi mata koren fenti.

Ƙananan sassa, irin gefen ƙafafu da akwatin gatari, gwangwani ba ya iya su. A nan sabuwar fasaha ta sake shigowa. Wani ɗalibi a Kano yana da firintar 3D, wadda ke narka zaren roba tana gina siffa hawa-hawa. Muka aika masa zane ta WhatsApp. Kashin farko da robar PLA ya yi, aka ba direba saƙo, direba ya ajiye a gaban gilashi tun daga Kano. Suka iso a lanƙwashe kamar soyayyar taliya. Ita PLA tana fara laushi ne a wajen digiri 60, gaban mota a rana kuwa yana kaiwa. Kashi na biyu aka yi da PETG, wadda ke jure zafi har wajen 80, aka naɗe a tsumma a cikin jaka. Suna nan har yanzu. A ganina wannan na'ura ita ce sabon abin da ya fi dacewa da mutum irin Baba, don kamfani ba zai taɓa zuba kuɗi ya ƙera taragon gyadar Malam Madori ba, amma ɗalibi ɗaya zai iya fitar da guda goma a dare.

Ƙasar tasha jar ƙasa ce ta gaske da aka tankaɗe da rariya. Kukoki da waya da takarda aka yi su, darbejiya da busasshen soso. Dalar gyada kuwa ta ci mana mako uku, ƙananan buhuna na yumɓu ɗaya bayan ɗaya, jikoki mata ne suka fi iya su. Kuskurenmu a nan shi ne manne komai da kokon rogo. Damina na sauka ɓeraye da kyankyasai suka yi walima, suka cinye rabin unguwar ma'aikata a dare biyu. Muka koma gam ɗin kafinta mai fari, aka tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen baƙin mai saboda gara.

Mutane fa? A littafin talla akwai 'yan mutum-mutumi iri-iri, fasinja da leburori da masu daga tuta. Baba ya yi shawara da limamin unguwa, ya dawo ya ce a bar su. Ban ja da shi ba. Tashar ba kowa a cikinta, sai kekuna a jingine da buhuna a tare da buta a bakin masallaci, kamar an shiga sallar azahar. Wani baƙo da ya gani ya ce da gangan muka yi.

Inda aka tsaya

Sautin ne bai gyaru ba. Akwai dikodojin da ke barin mutum ya ɗora sautin da ya naɗa da kansa, amma tamu daga jerin kamfani kawai take karɓa, jerin kuwa jiragen Ingila ne. Baba ya sa na rage ƙarar injin ƙasa-ƙasa, na kashe hon ɗin gaba ɗaya. Yana da tsohon usur na ƙarfe tun na aiki, shi yake busawa kafin jirgi ya tashi, jikan da ke riƙe da waya kuma ba ya dannawa sai ya ji. In yaro ya yi gaggawa, a karɓe wayar a ba na gaba.

Kan jirgin kwal irin na River shi ne burin da ya rage. Yana da ƙafafu takwas masu ja, biyu a gaba, biyu a baya, ga sandunan da ke haɗa su, kuma wannan ya fi ƙarfin maƙerin gwangwani. Ɗan Baba yana neman tsohon inji mai irin wannan jerin ƙafafu a kasuwar 'yan gwanjo ta can, in an samu sai mu gina jiki a kai.

Babban jikansa kuma, wanda ke aji uku a makarantarmu, ya zo da tasa rigimar. Ya ji ana gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse, kuma faɗinsa 1,435 ne irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Ya yi lissafinsa shi kaɗai ya gano cewa wannan layin HO ne tsaf, ba sai an sake jiki ba, kayan kanti za su hau. Ya zo ya ce wa kakansa a ƙara layi na biyu a teburin, na zamani.

Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce teburin nan na Nguru ne, mai son Maraɗi ya nemi katakonsa. Rigar Ingila da muka cire da taragu ukun nan na kwali suna cikin wani kwando a ƙarƙashin gado, ya ce yaron ya ɗauka. Na ji an ce ya riga ya je wurin kafinta tambayar kuɗin busasshen katako.